Laraba a Tsibirin Quehui

Ƙarfe shida jirgi ya bar gaɓar Castro,
ruwan sama na dukan rufinsa kamar mai bin bashi.
Na rungume akwatin sanyi a cinya,
allurar rigakafi goma sha tara a ciki.
Eleuterio matuƙi yana taunar busasshen kifi,
yana ce wa teku ta yi haƙuri, yau da nas a jirgi.

Kafin in taka taɓon gaɓa
murya ta taso daga bayan shinge:
“Likitan bai zo ba?”
Shekara goma sha huɗu ina amsa wannan gaisuwa.
A da takan tsaya mini a maƙoshi kamar ƙayar kifi.
Yanzu sai in ce, “Bai zo ba, Zoila, ni ce.
Yaya jirin nan?”

A makaranta, can Valdivia, an koya mana
awon jini, lissafin ɗigon ruwa a jijiya,
ninke zanin gado har kusurwarsa ta yi kaifi.
Ba wanda ya gaya mini wata rana
a tulin itacen girki zan karanta ciwo.
Gidan Baudilio, bara itace har bakin taga,
bana guntaye bakwai, gatari ya yi tsatsa.

Na shiga. Kofi biyu a kan tebur,
alhali Ercilia watanta biyar a kushewa.
Ya ce lafiya lau. Bakinsa ne ya ce.
Takalmin robarsa na hagu an tsaga shi da wuƙa
don ƙafa ta sami wurin kumbura.
Na durƙusa. Wari ya riga shi ba ni labari.
Sukari ya ci yatsa a ɓoye, aikin gara a ginshiƙi.

Na wanke, na ɗaure,
na hau tudun coci inda waya ke kamawa,
na ce da asibiti: gado, yau, ba jibi ba.
Muryar can ta ce, “Wane likita ya duba shi?”
Na ce, “Herminda Cárcamo, nas.
Rubuta sunan. In da laifi a neme ni.”

Tsoho kuwa ya kafe, wai tumakinsa tara.
Sai da na zaga gida uku cikin ruwa
jikan Zoila ya yarda zai karɓi kiwo,
ladansa buhun dankali, irin baƙin nan mai zaƙi.
Sannan Baudilio ya lalubi hularsa.

Da dare takardar ma'aikata tana jirana,
gurbi-gurbi kamar dara:
allura nawa, awo nawa, miki nawa.
Babu gurbin tumaki.
Babu gurbin kofi na biyu,
wanda na ɗauraye, na zuba shayi, na sha,
yana kallona, bai hana ni ba.

Ƙawayena na manyan asibitoci,
masu na'urorin da ke kuka dare da rana,
sukan ce, “Yaushe za ki dawo aikin gaske?”
Nakan yi dariya. Wani daren kuma ba na yi.
Nakan kalli hannuna, gishirin teku ya farfasa shi,
in rasa sunan da zan kira abin da yake yi.

Mako uku, ya dawo da yatsu tara
da ƙwayoyi a leda, ko ɗaya bai haɗiya ba.
“Likita ya rubuta,” in ji shi, “amma sai kin gani tukuna.”
Na yi masa faɗa sosai, har kare ya bar ɗakin.
Sannan na sa tabarau na karanta masa ɗaya bayan ɗaya,
na zana rana a jikin na safe, wata a jikin na dare.

A hanyar komawa gaɓa, daga bayan shinge:
“Likitan bai zo ba?”
Na juya.
Ta riga ta naɗe hannun rigarta,
ta jawo mini kujera kusa da murhu.